Na sa an yi min sassaƙa a Samaru, ga yadda muka kwashe bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya

Ranar da aka kawo abin nan a bayan a-kori-kura an nannaɗe shi da tsofaffin katifu da igiyar roba, samari biyar suna ta "a hankali, a hankali", Hajiya na zaune kan darduma a baranda ta idar da la'asar ko carbi bata ajiye ba ta ɗago kai tace "Kai Baban Ummi, yanzu da girmanka da karatunka gunki ka sayo mana?" Nace Hajiya ki bari a kwance tukuna. Aka kwance. Ta tashi ta zagaya ta bayansa ta dawo, tace to ina kan, ina idon? Nace babu. Tace to turmi ne? Shi mai aikin yana gefe yana ta murmushi, ya durƙusa ya gaishe ta yace Mama icen turmi ne kam, ƙirya ce. Tace ah to in ƙirya ce zata kai jikokinka, ta koma ta zauna abinta.

Wata goma sha huɗu kenan da yin wannan, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya tambaya wa ya yi, nawa ne, zai yi min irinsa, shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa. Ba zan faɗi sunansa ko na wurinsa ba saboda akwai ƙorafi a ciki kuma yaro ne mai tasowa, bana son in zama sanadin tsole masa ido a kasuwa.

Asalin maganar wani lungu ne a tsakar gidanmu a Hanwa nan Zariya, daidai inda indararo ke zubowa, fulawa uku muka dasa duk suka ruɓe. Uwargida ta so a yi irin maɓuɓɓugar siminti ɗin nan da ake shafa wa shuɗin fenti kamar ta ƙofar otal, ni kuma raina bai kwanta da ita ba, na ga ta maƙwabcinmu, shekara ɗaya fentin ya fara ɓarewa kamar mai ƙyasbi. Sai na tuna lokacin muna Jami'ar Ahmadu Bello, ABU, muna wucewa ta wajen lambun sassaƙa na sashen zane-zane muna yi wa yaran can dariya, kullum jikinsu buɗu-buɗu da siminti, muna cewa me za a ci da wannan karatun. To ga shi yau ni ne nake neman ɗayansu da kuɗina a hannu. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wannan ɗin, sharaɗina ɗaya ne tun a waya, ba siffar mutum ba siffar dabba. Ni ba malami bane ba fatawa nake bayarwa ba, ƙa'idar gidana ce kawai. Yace Alhaji ai ka sauƙaƙa min, ni ma ba fuska nake yi ba.

Wurin nasa yana can bayan Samaru ta hanyar Bomo, in damina ce kar ka shiga da ƙaramar mota. Kar ka sa ran shago da gilas da farashi a manne, rumfar kwano ce da katanga rabi, kututturan itace jibge a gefe, duro-duro na yumɓu an jiƙa, tarkacen ƙarfe da ya sayo wajen 'yan gwangwan, injin walda, ƙaramin janareta, da wani rami mai toka inda yake gasa yumɓu. Kujerar zama ma kututture ne. Abin da ya fara burge ni shi ne bai buɗe min hotuna yace zaɓi ɗaya ba, tambayoyi ya dinga yi, rana ta ina take bugun wurin da safe, iskar hunturu ta ina take shigowa, ruwan indararon ina yake bi in ya sauka, akwai yara ƙanana. Washegari ya hawo acaɓa ya zo gidan, ya fi awa ɗaya tsaye a lungun nan, ya ɗebi ƙasar wurin ya murza ya shinshina, har Ummi ta zo tana raɗa min wai Baba mutumin nan lafiyarsa ƙalau kuwa.

Yana da surutu in aka taɓo sana'arsa, wannan ka shirya masa. Maganarsa ita ce sassaƙar zamani ta wuce a yi kan wani babban mutum a dasa a shataletale, yanzu abin da ake kallo shi ne kayan da aka yi aikin da su da kuma abin da wuri zai yi musu. Yace ma'aikata huɗu gare shi, ƙasa da ruwa da wuta da iska, shi nasa ya fara ne su kuma su ƙarasa. Na ɗauka irin zaƙin bakin masu neman kwastoma ne. Ya ciro waya ya nuna min aikin wani Ba'amurke Robert Smithson da ya jera duwatsu da ƙasa a cikin tafkin gishiri na jihar Utah a 1970, ya nannaɗe su kamar gammo tsawon wajen mita 460, ruwa ya taso ya shanye abin shekara da shekaru sannan da fari ya zo ya sake bayyana duk gishiri ya yi masa fari. Ya nuna min na wani ɗan Ingila Andy Goldsworthy mai haɗa ganye da ƙanƙara da tsakuwa a daji, rana ta fito ta narkar, hoto kawai ke saura. Ya nuna min El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Nsukka tun 1975, wanda kafin ya shahara da murafun kwalba da yake ɗinkewa da wayar tagulla, itace yake yanka da zarton inji yana babbake shi da wuta. Nace ƙanena duk na ji, amma wanda ya gina abu ruwa ya cinye yana murna wannan kuɗi ne suka yi masa yawa, ni nawa na gumi ne, ina son abin da zan bar wa yara.

Sai ya sauko gida, kuma a nan ne ya kama ni. Yace Alhaji me ya kai yumɓu da wuta daɗewa? Kawunan yumɓu na mutanen da na Nok ga su nan a kudancin jiharmu Kaduna, sun haura shekara 2000 a cikin ƙasa, masu haƙar kuza suka fara tono su a 1928, ɗaya ma da aka kai wa Bernard Fagg, Baturen nan mai binciken kayan tarihi, wajen 1943 a gonar doya aka same shi an kafa shi yana korar tsuntsaye. Ƙasa ce kawai aka gasa. Yace kuma ka shiga cikin birni ka dubi bakan gizon da shahararren maginin nan Babban Gwani ya ɗaura a Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, ƙasa ce da azara, ka dubi zanen dagi a fuskar tsofaffin zaure, su magina sun san ruwa zai ci, shi yasa ake yaɓe ake shafa makuba, ba wanda yake cewa gini ya lalace don an sake masa yaɓe. Wlh wannan ta fi shiga kaina akan duk Turawan da ya lissafo, don na tashi na ga ana yi wa gidan kakanmu a Tudun Wada haka kafin a zo a rushe a sa bulo. Ya ƙara da labarin ɗaliban nan na 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, da suka kafa ƙungiyarsu a nan Zariya tun kwalejin bata zama jami'a ba suka ce ba za su kwafi Bature ido rufe ba sai sun haɗa da na gida, har shi Nwoko daga baya ya koma gasa yumɓu irin na Nok. Na zauna shekara huɗu a makarantar nan ban taɓa jin wannan ba, abin kunya.

Kuɗi. Ya fara da dubu 380, muka yi ta ja har muka tsaya a 310, rabi kafin alƙalami na tura masa nan take. Yace sati shida. Wannan a tsakiyar Janairu ne. Ku riƙe sati shidan nan.

Abin da ya yi ɗin, in kwatanta muku, tsayinsa ya ɗan fi ni. Gindin wani baƙin dutse ne mai faɗi irin na wajen Kufena ba a goge shi ba, an bar shi da kaushinsa. A kansa kututturen ƙirya ne tsaye, ya fafe masa wata hanya mai karkacewa daga sama har ƙasa kamar sawun maciji a rairayi, ya babbake bayan da wuta ya yi baƙi ƙirin amma cikin hanyar ya bar jan naman icen. A sama wata ƙatuwar kasko ce ta yumɓu mai baki a karkace da zanen dagi a gefe, sannan wasu sandunan rodi guda bakwai sun fito ta bayanta ba tsayi ɗaya ba, kowanne da 'yan fayafayen yumɓu a rataye. Shi kenan. In ka ji a baki ba wani abu bane.

Sati shida ya cika shiru. Na kira yace saura kaɗan. Sati na takwas waya a kashe, kwana tara cur ina kira, saƙon WhatsApp ko alamar shiga babu, na fara lissafin dubu 155 ɗina sun bi ruwa, abokin nawa da ya haɗa mu ya fara guje min a ofis. Ranar Asabar na ɗau mota na tafi da niyyar rashin mutunci, na same shi zaune gaban tarin katanga, kaskon farko ya fashe a wuta gida biyar. Bayanin da ya yi min mai ma'ana ne, iskar hunturu tana busar da bayan yumɓu da sauri ka taɓa ka ji ƙam alhali cikinsa da sauran danshi, in ya shiga wuta ruwan ya zama tururi ya rasa hanya sai ya tarwatsa shi, kuma abu mai kauri irin wannan ya fi saurin yin haka. Na yarda, amma nace to me ya hana ka ɗaga waya ka faɗa min haka? Ya sunkuyar da kai yace kunya. Wannan shi ne babban aibinsa kuma har yau bai gama rabuwa da shi ba, in abu ya kwaɓe sai ya ɓuya maimakon ya yi magana.

Amma fa fashewar nan ta yi min rana, don da zai gasa na biyu ya kira ni in zo in gani, kuma ban taɓa ganin abu irin wannan ba duk da a garin nan aka haife ni. Kaskon ya yi sati uku a inuwa an lulluɓe shi da buhu don ya bushe a hankali. Da yamma ya fara kifa shi kan ɗan garwashi kaɗan ya fi awa biyu, yana taɓawa da bayan hannu, yace wannan ɗumame ne na korar sauran ruwa. Bayan magariba aka jera itace a ramin, aka ɗora, aka rufe da karan dawa da busasshen kashin shanu da katangar wancan da ya fashe, aka cinna. Ba ka jin komai sai ƙarar kara, shi kuwa ya kasa kunne kamar mai jiran sakamakon asibiti, yace in ka ji tau to an yi asara. Ba mu ji ba. Da wutar ta faɗa ya sa doguwar gora shi da yaronsa suka jawo shi waje yana ja wur a cikin duhu, sai ya tsoma wata tsintsiyar ganye a bokitin makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ya jiƙa ya dafa, ya dinga fyaɗa masa, ƙauuu tururi ya tashi da wani ƙamshi kamar ana ƙona sukari da jima, kan ka ce kwabo jan ya koma baƙi-baƙi mai sheƙi da ɗigo-ɗigo. Yace wajen wata tsohuwa mai ginin tukwane ya koyi wannan ba a aji ba, kuma irin gashin da shahararriyar mai ginin tukwane Ladi Kwali ta tashi da shi kenan kafin ta shiga wurin wani Bature mai ginin tukwane, Michael Cardew, a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954 ta koyi na murhun zamani mai zafi sosai. Ita ce matar bayan naira 20, ABU ma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ya gaya min gaskiya cewa gashin fili baya kai zafin murhu, don haka kaskon zai riƙa tsatsafo kamar randa kuma bai kai tangaran ƙarfi ba. Wannan na yaba masa, bai ɓoye ba.

Ƙarshen Afrilu aka kawo, sati goma sha huɗu maimakon shida. Ranar ne kuma na ji wai kuɗin mota da na masu ɗauka dubu 25 ba ya cikin ciniki. Ba yawan kuɗin bane ya ɓata min rai, rashin faɗa tun farko ne. Kafawa kam ya yi aiki mai kyau, ya haƙa ya zuba kankare ya dasa ƙarfe ta cikin dutsen har cikin icen, na sa ƙarfi na girgiza ko motsi.

Ruwan farko mai ƙarfi da dare ya sauka, na fito da tocila kamar ɓarawo a gidana. Indararo na zuba cikin kaskon, ya cika ya malalo ta karkataccen bakin nan ya kama hanyar da aka fafe yana zagaya icen yana saukowa har kan dutse, ja yana ƙyalli a tsakiyar baƙi, ga ƙamshin jiƙaƙƙen gawayi da ƙasa. Na daɗe a tsaye har uwargida ta leƙo tace Alhaji sanyi fa. A watan Agusta gansakuka ta fito kore shar a gefen dutsen da baya samun rana. Da iska ta juya a Nuwamba kuma fayafayen nan suka fara wata 'yar ƙara ƙas ƙas ƙas kamar ana taɓa ƙoƙuna, ba mai damu ba, da asuba ka fi jinta. Gansakukar ta bushe, ƙura ta hau komai ya koma ruwan toka, wato abin da na ajiye a Afrilu daban wanda nake gani a Janairu daban. A nan kam maganarsa ta ma'aikata huɗu ta fito, ba zaƙin baki bane.

To amma ma'aikatan nan ba su da ladabi, kuma shi bai gaya min rabin ɓarnarsu ba. Sati uku da fara ruwa sauro ya ishe mu, na hau kujera na leƙa kaskon na ga 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil a sauran ruwan da ke kwanciya a gindi. A gidan da ke da yara da tsohuwa! Wannan kuskuren tsari ne ba wani fasaha, mutumin da ya yi awa guda yana shinshina ƙasa ya kamata ya tuna da sauro. Da na kira shi, Allah ya sa ya ɗauka, ya zo ya huda ɗan ƙaramin rami a gindin kaskon ruwan ya riƙa tsiyayewa cikin yini ɗaya, bai karɓi ko sisi ba. Sai baƙin gawayin, wata biyun farko duk wanda ya jingina sai ya tashi da tambari, farar shaddata ta sallah ta tafi a haka, daga baya ya zo ya goge da burushi ya shafa man da ya kama shi. Sai tsatsa. Rodin nan bai yi musu fenti ba da gangan, ruwa ya wanko tsatsar ta bi dutsen ta sauka kan intalok ɗina sabo ta yi jan zane har wajen taku uku, na sa omo na sa kalanzir ko gezau. Na nuna masa yace wai Alhaji wannan ai sa hannun ruwa ne. Nace sa hannun ruwa a kan dutsenka na yarda, a kan intalok ɗin da na saya da kuɗina kuma ɓarna ce. Ƙarshe ni na cire layi biyu na zuba tsakuwa a zagaye, da kuɗina, kuma abin haushin ya fi kyau a hakan.

Wanda har yanzu muke ja a kai shi ne tsagewar icen. Cikin Janairu da sanyin nan ya tsananta muna kwance muka ji ƙarar tas kamar an karya kara, da safe na ga tsaga a bayan kututturen tsawon kamu biyu, tsinken ashana na shiga. Zuwa Maris biro na shiga. Yace dole ne, ice yana shan danshi ya kumbura da damina ya saki ya tsuke da rani, kuma gungume guda baya tsukewa daidai ta ko'ina sai ya tsage, in ruwa ya dawo zata rage baki. Gaskiya ta rage, yanzu ashana ce ke shiga da ƙyar. Amma ni zargina icen bai kai shekara biyun da yace ya yi a ajiye ba, don turmin Hajiya ƙirya ne shi ma kuma ya girme ni bai yi irin wannan ba. Yace turmi an fafe cikinsa ne shi yasa. Wataƙila. Gara dai bata taɓa shi ba ko kaɗan, alhali ta cinye min ƙyauren sito a wannan shekarar.

In maki ake so, aikin hannu tara, cika alƙawari huɗu, kula da kwastoma bayan an biya bakwai saboda duk sanda ya zo gyara baya karɓar kuɗi sai na acaɓa. Wanda zai je, ku rubuta komai a takarda har kuɗin mota da ranar kawowa da wa zai yi gyara, kar ku biya fiye da rabi, ku ba da aikin yumɓu da wuri yadda ba za a yi gaggawar busar da shi ba, kuma ku tambaye shi ƙarara ina ruwa zai kwanta ina tsatsa zata bi. In kai mai son abu ya zauna fes kamar ranar da aka saya ne, kullum ana gogewa, kar ka ɓata kuɗinka da nasa lokacin, je ka sayi na roba. Shekara-shekara kuma akwai shafa mai a icen kafin hunturu, wannan ma sai da na tambaya ya faɗa.

Hajiya har yau turmin Baban Ummi take ce masa. Tun da ta lura kurciyoyi da buwa suna sauka bakin kaskon bayan an ɗauke ruwa ta sa aka matso mata da dardumarta kusa, tana watsa musu tsakin gero kan dutsen, kashinsu duk ya yi fari-fari a gefe ɗaya. Na ɗauki hoto na tura masa nace ga ma'aikaci na biyar da baka lissafa ba. Saƙon ya shiga tun ranar Talata, bai buɗe ba tukuna.